Permin farko ba shi ne jirgin Makka ba

Yau ba labarin gari na kawo maku ba, laifin kaina zan faɗa.

Shekara biyu da suka wuce, autanmu da ke Amurka ya turo mani hoto ta WhatsApp. Yana tsaye jikin wani ƙaramin jirgi, Cessna 172 mai kujera huɗu, riƙe da takarda. Ya samu permin tuƙin jirgin sama. Yaron da ya yi bak ɗinsa nan Maraɗi, ya samu biza ya tafi, yana aikin dare a wani magaza yana tara kuɗin darasi. Washegari a filin gaishe-gaishe na buɗe baki na ce: "Jama'a ku taya mu murna, an yi matuƙin jirgi a gidanmu!" Kafin la'asar gida ya cika. Inna ta raba goro. Wata gwaggonmu ta ce ita kam ba ta ƙara neman kujerar Makka, ɗanta zai kai ta.

Daga ranar salularsa ba ta huta ba. Wannan kuɗin magani, wancan jari, wani kuɗin aure. Bayan wata shida ya daina ɗauka, har kirana.

Ranar da ya neme ni, ƙarfe ukun dare ne a nan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce: "Yaya, wa ya sa ka faɗa a rediyo?" Sai ya zauna ya yi mani lissafi, ni da nake ganin na san komai.

Permin da ya samu shi ne matakin ƙasa. Ana iya samunsa da awa 40 ta tashi. Yana ba ka damar ɗaukar abokinka ku zaga, amma doka ta hana a biya ka ko tamma a kan tuƙin. Don haka ya shiga wata jami'a mai sashen tuƙin jirgi: safe aji, ana karanta yanayin sama, dokokin sararin samaniya da yadda inji ke aiki, marece filin jirgi. Awa guda da malami ya ce tana cin sa dala 200 ko fiye. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba, wato sama da jikka ɗari. Bashin karatu ya ci.

Mataki na biyu shi ne tuƙi da na'urori kaɗai. Ana sa maka wani tabarau da ke toshe maka waje, ba ka ganin komai sai allon gabanka. Ku tuna hazon hunturu a Damagaram, ranar da ko tsallaken titi ba ka hangowa. A cikin irin wannan, abin da ke riƙe daidaiton mutum cikin kunne yana yaudara: jirgi ya karkata kana jin yana miƙe. Dole ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogo. A jarabawar wannan mataki ya faɗi, ya sauko ƙasa da tsayin da aka ƙayyade masa wajen tunkarar fili. A satin ne kuma aka turo masa saƙon murya ana cewa ya samu duniya ya manta dangi. Ya ce: "Yaya, a mota na yi kuka."

Gaba kuma akwai permin sana'a, wanda da shi ake fara biyan mutum: awa 250, ko 190 a makaranta mai tsarin da hukumar jiragen Amurka ta amince da shi. Sai jirgi mai inji biyu. Sai permin malanta, don yawanci da koyar da wasu ake tara awoyi. Kamfanin jigilar fasinja kuwa awa 1,500 yake nema, dokar da ta fara aiki a 2013 bayan haɗarin da ya kashe mutum 50 kusa da garin Buffalo a 2009. Wanda ya yi digirin shekara huɗu a jami'ar da aka yarda da ita ana rage masa zuwa awa 1,000, in dai a can ya yi matakin na'urori da na sana'a. Dalilin shigarsa jami'a ke nan. Ranar da na yi masa kirari a rediyo, awa 60 da ƴan kai gare shi.

Da gari ya waye na je na zayyana wa Inna duka. Ta yi shiru, can ta ce: "To ashe mai neman addu'a muka mayar mai bayarwa." Ita da kanta ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya ta ce a ƙyale mata yaro.

Ya sake jarabawar, ya ci. Yanzu yana kan permin sana'a. Bai ce in faɗa ba, wannan karon na tambaye shi kafin in rubuta, ya ce in dai ba suna, to.

Matasan da ke kirana suna tambayar hanya, ku sani: EAMAC ta Yamai masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da masu fasaha take horarwa. Makarantar Zariya a Najeriya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa. Ko ina za ka, sai likitan jirgi ya tabbatar da lafiyar idonka da zuciyarka, sai ka iya Ingilishi, sai kuma ka lissafa kuɗin hanyar duka, ba na zangon farko ba.

Mu kuma na gida, in ɗanmu ya turo hoto da takarda, mu yi barka, sannan mu tambaye shi: saura nawa? Gwaggo dai ta koma ta yi rajistar kujerarta. Allah ya sa wata rana shi ne a gaba.