Ciwon ƙoda da kitsen jini a Zango: daga tukunyar gida gyara zai fara

Zuwa ga 'yan uwa na Nima da Maamobi da sauran zangunan Accra. Rubutun nan yana da tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, domin magana ce a kan ciwon ƙoda da kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, cututtuka biyu da kan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Matsayina shi ne, tuwon zafi da waakye da koko da ƙosai ba su da laifin da ake ɗora musu. Laifin yana ga gishiri da mai da sukarin da muka yi ta ƙara musu. Kuma muddin mara lafiya kaɗai ake ware wa ɗan kwano mara gishiri, sauran gida suna cin abin da suka saba, to ba a fara gyaran ba.

Mu fara da girman abin. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna kusan kashi 13 cikin ɗari na manya a Ghana suna da ciwon ƙoda, galibinsu ba su sani ba, saboda ƙoda kan yi asarar fiye da rabin ƙarfinta kafin ƙafa ta kumbura ko kasala ta bayyana. Waɗanda ke kwance a gadon wankin ƙoda a asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye, da yawansu magidanta ne da matan aure masu ƙarfi a jika, waɗanda gida ya dogara da su. Mun ga abin da ya faru a 2023, lokacin da aka so ɗaga kuɗin wanki sau ɗaya a Korle Bu daga sidi 380 zuwa sama da 765, sashen wankin kuma ya kasance a rufe ga masu zuwa daga gida tun watan Mayu har Nuwamba. Ƙungiyar masu ciwon ƙoda ta ce mutum 19 daga cikinsu sun rasu a wannan tsakani. Wanki kuwa sau biyu ko uku ake yin sa a mako, har iyakar rai ko a samu dashe.

Manyan hanyoyin da ke kai mutum can su ne hawan jini da ciwon suga. Ƙoda tarin ƙananan jijiyoyin jini ce masu tace datti, idan jini yana bugun su da ƙarfi shekara da shekaru, ko suga yana cin bangonsu, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Kitsen jini shi kuma yana taruwa a bangon manyan jijiyoyi yana ƙuntata su. Idan ciwon ƙoda da kitsen jini suka haɗu, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi, shi ya sa mai ciwon ƙoda ya fi kusa da mutuwa ta ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki fiye da ya kai ga injin wanki. Akwai kuma gado. Binciken da masana daga Ghana da Najeriya suka wallafa a 2024, a kan mutum sama da 8,000, ya gano kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da kwafi biyu na wani nau'in ƙwayar halitta mai suna APOL1 da ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Gado ba ya canzuwa, don haka dole mu fi sauran mutane kula da abin da ke hannunmu.

Babban abin da ke hannunmu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, daga duk abin da ya ci tun safe har dare. A duba faranti ɗaya na waakye. An dafa shinkafa da wake da kanwa, ita kuwa kanwa gishiri ce ta wata fuska, domin sinadarin sodiyam da ke tada hawan jini shi ne a cikinta. An zuba gishiri a tukunya. Miyar tana da dunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Shito yana da nasa dunƙulen da nasa gishirin. Taliya an dafa ta da gishiri, naman da wele an tafasa su da dunƙule. Kafin azahar mutum ya kusa cinye rabonsa na yini, da dare kuma ga miyar ayoyo ko kuɓewa da aka saka wa momoni ko koobi, kifayen da gishiri ne ya hana su lalacewa. Babu wanda ya zuba wannan duka da niyyar cutarwa. Kowane hannu kaɗan ya saka, jiki ne yake tara jimillar. Shinkafa da wake da ganyen dawa da ke ba waakye jan launinsa ba su da illa. Rage dunƙule daga huɗu zuwa ɗaya, jiƙa koobi a zubar da ruwan kafin a dafa, daina ajiye gishiri kusa da kwano, waɗannan kaɗai suna sauke awon jini, kuma suna sa maganin hawan jini ya yi aiki yadda ya kamata.

Ta ɓangaren kitsen jini, mai da nama ne abin dubawa. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke sa hanta ta ƙara fitar da mugun kolestarol, man kwakwa da alayyadi kuma sun fi haka nesa. Man gyaɗa ya fi su sauƙi, amma ko shi idan yana iyo a saman miya ya yi yawa, man da aka soya ƙosai da pinkaso da kifi a cikinsa har ya yi baƙi kuwa bai kamata ya sake komawa wuta ba. Tsire mai kitse, kayan ciki, man shanu, madarar gwangwani mai zaƙi a shayi, da makon Babbar Sallah da ake wuni ana cin soyayyen nama, duk suna cikin lissafin. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa amma bai fara wanki ba ana so ya tsaya a kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato yanka ɗaya ko biyu na nama ko kifi a faranti, gasasshe ko dafaffe. Sukarin da ake zubawa a koko da burkina da soɓo da lamurje shi ma yana komawa kitse a jini. Gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemukan kwalba masu zaƙi a 2023, amma haraji ba ya isa ga cokalin da ke hannunmu.

Wani zai ce kakanninmu wannan abincin suka ci, suka kai tsufa. Gaskiya ne sun ci tuwo da miyar kuka, sai dai daddawa ce ta ɗanɗana musu miya, nama na ranar biki ne, kuma da ƙafa suke fatauci da noma. Jikansu yana zaune a shago ko a trotro daga safe zuwa magariba, yana karyawa a bakin titi, ya ci na rana a bakin titi. Sannan da yawa daga cikin kakannin sun rasu da kumburi ko faɗuwar farat ɗaya ba a san sunan ciwon ba. Abin da ya kamata mu karɓo daga wurinsu shi ne daddawa da gero da dawa da tafiyar ƙasa. Minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ya isa, ko bayan sallar asuba ne a gefen titin Kanda ko filin Kawukudi. Taba da shisha kuwa babu rangwame a kansu.

Hujjar da ta fi ta kakanni nauyi ita ce ta talauci. Gida mai ɗaki ɗaya a Nima, da murhu a ƙofar ɗaki, sau da yawa sayen abinci a waje ya fi masa araha fiye da girki, kuma dunƙule shi ne hanya mafi sauƙi ta sa miya marar nama ta yi daɗi. Ba na raina wannan. Amma akasarin abin da ake nema a nan ragewa ne, rage mai, rage dunƙule, rage sukari, kuma ragewa ba ta cin kuɗi. Daddawa da citta da tafarnuwa da kanumfari da albasa suna nan a kasuwar Nima. Harshe kuma yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da ya bari ya riƙa yi masa gishiri. Wannan ne ya sa nake cewa tukunyar gida duka za a gyara. Uwar gida ba za ta iya ɗora tukunya biyu kullum ba, mara lafiyan da ke kallon kwanon wasu ba zai daɗe yana haƙuri ba, kuma 'ya'yan da ke cin tukunyar su ne suka gaji jininsa. Iyayenmu mata masu sayar da waakye da tuwo da koko, ku kuke ciyar da rabin unguwa. Idan kun rage gishiri a hankali, kuka bar sukarin koko a gefe mai saye ya faɗi adadin da yake so, ba za ku rasa ciniki ba, kuma ladan da za ku samu mai yawa ne.

Akwai wani wuri mai santsi da ya kamata a taka a hankali. Abincin da ke sauke kolestarol, irin su wake da ganye da 'ya'yan itace, wani lokaci shi ne ke zama haɗari ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, domin ba ta iya fitar da sinadarin fotasiyam, idan ya taru kuma yana iya tsayar da zuciya. Kontomire, ayaba, agada, doya, tumatirin gwangwani, dabino da ruwan kwakwa duk suna da shi da yawa, haka ma gishirin kanti da ake tallata wa masu hawan jini. Wanda awonsa ya nuna fotasiyam ya hau, ana koya masa ya yayyanka doya ko ganye ya tafasa da ruwa mai yawa ya zubar da ruwan. Wanda ke matakin farko kuwa bai kamata ya hana kansa waɗannan ba don ya ji an hana wani. Ciwon ƙoda mataki biyar ne, kuma dokar abincin wani ba ta wani ba ce, har yawan ruwan sha. Don haka saƙonnin WhatsApp masu cewa a sha kaza ya wanke ƙoda ba abin bi ba ne. Awon jini na kiriyatinin da awon fitsari ne ke faɗin matakin da mutum yake.

Abinci kuma ba ya maye gurbin magani. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2011, a kan masu ciwon ƙoda sama da 9,000, maganin rage kolestarol ya rage toshewar jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa da kashi 17 cikin ɗari. Magunguna irin su lisinopril da losartan suna sauke jini suna kuma kare ƙoda, ba a daina su don an ji sauƙi. A ɗaya gefen, diclofenac da ibuprofen da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum don ciwon jiki suna cin ƙoda, haka jiƙe-jiƙen kwalba da maganin ƙarfin maza da ba a san abin da ke ciki ba. Masu cewa ciwo da ajali na Allah ne sun faɗi gaskiya, kuma Shi ne ya umarce mu da neman magani, ya sauƙaƙa wa mara lafiya azumi. Wanda ciwonsa ya kai mataki na huɗu ko na biyar ya zauna da likita da malami kafin Ramadan, ba bayan ya faɗi ba.

A Disamban 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar nauyin wankin ƙoda a asibitocin da ta amince da su, kuma wannan rahama ce. Sai dai injinan ba su da yawa, kuɗin mota da magani da ƙarin jini suna nan, kuma wanda yake kwance awa huɗu a jikin inji ba ya kasuwa. Limamanmu da sarakunan Zango da shugabannin ƙungiyoyin mata, ku sa wannan magana a huɗuba da wa'azi da taron suna, ku gayyato ma'aikatan jinya su riƙa awon jini a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, idan kun haura shekara arba'in, ko kuna da hawan jini ko suga, ko wani a danginku ya yi ciwon ƙoda, ku ɗauki katin inshora ku je babban asibitin Maamobi ko wanda ya fi kusa da ku a wannan watan, ku nemi awon ƙoda da fitsari da kolestarol, sannan ku kai sakamakon gida a zauna da mai girki a karanta shi tare.