Me ya sa fuskar amarya ke yin duhu idan ka tsayar da bidiyo?



Idan kana haɗa bidiyon biki a wayarka, ka san wurin da kowa ke jira: inda hoto zai tsaya cak a kan fuskar amarya, sunanta ya fito a ƙasa. To, nan ne matsalar take ɓulla. Bidiyo na tafiya fes, da an tsaya sai haske ya faɗi, ko fuskar ta koɗe kamar an zuba mata toka.

Ni a Bahindi nake wannan sana'a, kuma aikina kan tsallaka iyaka har Segbana ta Benin, wurin dangin masu biki. Abin da na lura shi ne, mutane za su yafe maka rawar kyamara, amma ba za su yafe duhun fuskar 'yarsu ba. Biki na gaba wani za a kira.

Wayarka ƙalau take. Bidiyo da hoto ne ba mudu ɗaya suke auna haske da shi ba. A bidiyo na yau da kullum, baƙi yana kan 16, fari yana kan 235. Hoto kuwa daga 0 yake zuwa 255. Idan manhaja ba ta daidaita su ba, dole ido ya ga bambanci.

Sai kuma HDR. Tun daga iPhone 12 ta 2020, iPhone na ɗaukar bidiyo da shi kai tsaye, wasu wayoyin Samsung ma suna da HDR10+. Haskensa ya wuce abin da hoto na gama-gari zai iya riƙewa, musamman in da rana tsaka aka ɗauka, ga fararen kaya, ga ƙyallin ruwan Kwara.

Ga yadda nake yi:

1. Kafin ɗauka, ka shiga saitin kyamara ka kashe HDR.
2. Kada ka yi sikirinshot ka liƙa. Yi amfani da maɓallin Freeze na cikin CapCut ko InShot.
3. In ka sa wa bidiyon filta, ka tabbata hoton da ya tsaya shi ma ya samu irinta.
4. In har yanzu akwai bambanci, ka riƙa motsa hasken hoton kaɗan-kaɗan kana kallon mahaɗar, har sai ka daina ganin tsallen.
5. Bayan ka fitar, tura shi ta WhatsApp zuwa Tecno ko itel ka kalla, don a irinsu yawancin dangi za su gani.

Minti biyar ne aikin, amma daƙiƙa uku ɗin nan da hoto ya tsaya su ake sawa a sitatus, kuma da su ake tambayar wa ya haɗa.

Wace manhaja kake amfani da ita? Faɗa mana, mu duba tare.