Hunturun 1983 Da Tikitin Da Ba A Yaga Ba

Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi masallaci, wata iska ta mare ni a fuska, na shaƙi ƙamshin nan na ƙura gauraye da hayaƙin kara, na ce to, baƙon namu ya sauka. Jikana da ke biye da ni ya dunƙule cikin wata rigar sanyi mai hula, ido kaɗai ake gani. Na ce, "Kai malalaci, ɗan wannan ɗarin ne ya naɗe ka haka kamar tabarma?" Ya ce, "Kaka, ai waya ta nuna yau digiri 13 ne."

Mu a zamaninmu dunduniya ce ke yi mana wannan sanarwa. Ranar da ka taka ƙasa ka ji faso ya buɗe baki, leɓe ya tsage, ƙafafun yara suka yi furu-furu kamar an tsamo su daga toka, ka san hunturu ya shigo gari. Sai iyaye mata su fito da man kaɗanya da basilin, a zazzage akwati a ciro barguna masu warin ajiya, masu ɗan hali kuma su nufi gwanjon Ƙofar Wambai neman suwaita. Sai da na girma na karanta cewa yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta har ta hana jirage sauka a Kano. A lokacin abin da muka sani kawai shi ne in hazo ya rufe gari, an kusa ba da hutu.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na yarda, ban musa ba. Amma Disambar 1983 ta cancanci a tuna ta, don ban taɓa ganin watan da bukukuwa suka hau kan juna irin wannan ba. Mauludi ya faɗo a tsakiyar watan, Takutaha ta biyo dab da Kirsimeti, ga sabuwar shekara na leƙowa, ga kuma amfanin gona ya shiga rumbu, lokacin ɗaura aure da dambe da kalankuwa a ƙauyuka. Shekarar ba ta yi wa Kano daɗi ba: Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu, damina ta yi gardama, gwamnatin Shagari na ta wa'azin tsuke bakin aljihu, madara da sabulu sun yi wuyar gani. Mu kuwa samari ne 'yan shekara goma sha tara, ashirin, mun dawo hutu daga makarantun kwana, duk wannan maganar manya ce.

Mu biyar ne. Huɗu 'yan Fagge, na biyar ɗan Sabon Gari, Kirista, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Matattararmu teburin wani mai shayi ne a bakin layi. Bayan sallar isha'i sai a tara kara da guntayen katako a kunna, a zagaye wutar, gaba yana ƙuna baya yana ƙanƙara, kana yi kana juyawa kamar tsire. A cusa dankali ko rogo cikin toka, a ɓare rake, a yi ta musu a kan finafinan Indiya da aka nuna a Plaza ko Wapa. Dattijo in ya zo wucewa yakan tsaya ya miƙa tafin hannu, a matsa masa, ya ba da labari ɗaya ya wuce. Wutar nan ba ta da mai ita. Abin da na fi kewa ke nan: a da sanyi fito da mutane yake yi, yanzu kuwa kora su ɗaki yake, kowa da bargonsa da wayarsa.

Ranar Takutaha muka hau Dala, kamar yadda Kanawa suka saba. Mata da yara sun cika dutsen ba masaka tsinke, ana kiɗa, ana sayar da alewa da ƙosai, kowa ya sha kwalliya kamar ranar Sallah. Da muka kai ƙololuwa sai muka tarar babu birnin. Hazo ya haɗiye shi. Goron Dutse da ke nan kusa ma da ƙyar ake ganin inuwarsa, hasumiyoyin babban masallaci kuwa kamar an zana su da gawayi an goge. Ɗan Sabon Garin namu ya ce, "Ana cewa hangen Dala ba shiga birni ba, yau ga mu a kan Dala birnin ne ya ƙi hanguwa." Muka yi dariya har da riƙe ciki, ƙura na shiga mana baki.

Sai ga Kirsimeti, aka juya akala zuwa gidansu. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Mama, ta san ba ma cin yankan da ba na Musulmi ba, saboda haka tun da safe take aikawa a kira mahauci ya yanka mata kajin. Shinkafa dafa-duka ce da miyar da ke sa hanci zuba, maganin mura na gaske. Daren jajiberi mun tsaya a bakin harabar cocinsu muna jiran ya fito, muka ji mata da maza sun haɗa murya hawa-hawa, wata siririya a sama, wata mai kauri a ƙasa, wasu waƙoƙin ma da Hausa. Ban shiga ba, ba a kuma ce in shiga ba, amma na tsaya har aka gama, hannuwana cikin hammata.

Tafiyar madatsar ruwan Tiga ce dai ta fi zama mini a rai. Sai da muka yi kwana uku muna lallaɓa yayan ɗaya daga cikinmu, mai Fijo 504 doguwa, irin wadda ake haɗawa a Kaduna. "Yaya, mu za mu sa mai." "Yaya, mu za mu wanke ta." Da ya gaji ya ce, "Na ji, amma duk wanda ya ɓare mini rake a mota, a Kura zan sauke shi." Inna ta ƙulla mini gurasa da ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta lakato man kaɗanya ta shafa mini a fuska a gaban abokai, wai ni ɗan saurayi. Ta ce, "Ban da shiga ruwa. Ka ji ni ko?" Na ce, "Na ji, Inna."

Muka kama hanyar Zariya da sanyin safiya, fitilun mota a kunne saboda hazo. Da muka wuce Kura muka shiga yankin Kadawa sai ido ya ga abin da bai saba gani da rani ba: ko'ina ƙasa ta bushe ta yi ja, amma nan alkama ce shar, ga tumatir, ga ruwa na gudu a magudanai. Alkama sanyi take so, shi ya sa sai da hunturu ake nomanta a nan. Ruwan kuwa daga inda muka nufa yake zuwa, madatsar da gwamnatin Audu Bako ta datse Kogin Kano da ita, aka gama a 1974. Yaya, wanda bai cika magana ba, ya nuna gonakin da haɓa ya ce, "Kun ga mutumin da ya yi aiki."

Muna da rikoda mai cin manyan batura shida, da kaset uku. Muna cikin jin Ɗan Maraya Jos yana kaɗa kuntiginsa a Waƙar Karen Mota, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Wallahi kamar an shirya. Yaya ya leƙo ta madubi ya ce, "To karnukan mota, bismillah." Muka fita muka yi ta turi, iska na yankar kunne, waƙar na tashi daga cikin mota tana mana shaƙiyanci, har Allah ya sa ta tashi.

Wanda ya girma a Fagge, ruwan da ya sani shi ne kududdufi da Jakara. Da na ga Tiga sai na yi shiru. Hazo ya haɗe ruwa da sama, ba ka ganin ɗaya gaɓar, kwalekwalen masunta kamar a iska suke tafiya. Can bisa dutse ga otal ɗin Rock Castle, wanda muka ƙare wa kallo daga nesa, don aljihunmu bai kai ko kofin shayinsa ba. Muka sayi karfasa a hannun wani masunci, wata tsohuwa ta soya mana a bakin ruwa, muka yayyafa wa gurasa ruwa, muka barbaɗa ƙuli da yaji. Kifin na fitowa daga mai yana huci, kafin ka kai lomar uku ya huce. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma na ci abinci a wurare da dama bayan nan. Batura suka yi sanyi, muryar mawaƙin ta fara jan ƙafa kamar mai maye, sai muka ciro su muka jera a kan dutse su sha rana, kaset kuma muka riƙa mayar da shi baya da biro don kada a ɓata wuta. Maganar Inna kuwa, na shiga ruwan, iya gwiwa. Minti guda ban yi ba na fito haƙora na kaɗawa. Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba.

A waɗancan shekarun ne kuma na fara ganin Mamman Shata da idona, a wani wasan biki da aka yi a fili, cikin irin wannan sanyi. An jera kujerun ƙarfe ga manya, mu 'yan kallo muna tsaye a baya, wasu a kan katanga. Janareta na ruri, an rataya lasifika a jikin darbejiya. Makaɗa sun ajiye kaskon garwashi a gefe, in an ɗan tsagaita sai su miƙa yatsu su gasa. Da kalangai suka ɗauka gaba ɗaya, a ƙirji na ji abin, ba a kunne ba. Shi kuwa ya tsaya kyam, ba ya wani rawar kai, ya jefa magana 'yan amshi su cafe. Abin da kaset ba ya nuna maka shi ne a nan take yake ƙera waƙar: wani alhaji ya taso zai yi liƙi, sanƙira ya rada sunansa da garinsu da sana'arsa, kafin mutumin ya gama zaro kuɗi daga aljihun babbar riga an riga an saƙa shi cikin waƙa, shi da ubansa da kakansa. 'Yan Murtala, wato takardar naira 20, suka riƙa zuba a ƙasa, a lokacin da naira ta fi dala daraja. Da ya shiga Bakandamiya, wani tsoho kusa da ni ya yar da bargon da ya lulluɓa da shi, ya ɗaga hannu sama yana jinjina, sai da aka gama ya tuna da sanyi ya shiga neman bargonsa a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Mata kuma suna can cikin gida da nasu shagalin, kiɗan ƙwarya na amada irin na su Barmani Choge, guɗa na tsallako katanga.

Kada in yi ƙarya in ce komai tsaf yake. Akwai mashaya a bayan fili, akwai 'yan daba da kan tayar da hankali, kuma iyayenmu ba sa son jin mun je irin wuraren nan. A ƙarshen 1983 ɗin ma Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe sinimar Palace aka mai da ita asibiti, mutanen gari da yawa suka sa masa albarka. Amma da ƙarfe biyun dare muke takowa gida a ƙafa, abin da muke tsoro bai wuce karnuka da faɗan Baba ba.

Sauran wasa ɗaya ya rage mana a lissafi: na daren sabuwar shekara, a farfajiyar wani otal a Sabon Gari, inda aka ce masu kiɗan hailaif za su kwana suna busa ƙaho, da wani mai goge a tsakani. Naira uku-uku muka sayi tikiti tun ana saura kwana huɗu. Ni har guga na kai wandona. Ranar Asabar 31 ga Disamba da safe, muna wurin mai shayi, rediyo ta ɓarke da kiɗan soja. Sai muryar Birgediya Sani Abacha: an hamɓarar da gwamnati, an rufe iyakoki da filayen jiragen sama, an sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Manya suka shiga lissafin wa za a kama, wa zai tsira. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, muka dubi juna, tambaya ɗaya ce a bakinmu: to wasan fa? A ɗaki muka shiga 1984, kowa a gidansu, ko wutar bakin layi ba a hura ba. Kuɗinmu ma ba a mayar mana ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi suka lalace bayan 1986. Bayan rikicin Oktoban 1991 Mama ta kwashe iyalinta suka koma kudu, abokin namu ya rubuto wasiƙa biyu, daga nan shiru. Shata ya rasu a Yunin 1999 aka binne shi a Daura, Barmani ta bi a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Otal ɗin tafkin Bagauda da masu kuɗi ke zuwa hutun ƙarshen shekara yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Cikin mu biyar, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Yaya ma haka. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tikitin nan yana nan a wurina, shuɗi ne, ya koɗe, na saka shi a tsakiyar wani tsohon littafin lissafi, ba a yaga gefensa ba. In Allah ya sa ɗan Sabon Garin nan yana raye, ko wani nasa ya ci karo da wannan rubutu, a gaya masa ina nan Fagge, gidan bai canja ba, kuma rikodarsa tana hannuna.