Kafin Zauren Ya Faɗi: Da Waya a Hannu Daga Hunƙuyi Zuwa Ikara

Kafin ki ci gaba da karatu, buɗe hotunan wayar nan da ke hannunki ki duba na zuwanki gida na ƙarshe. Na san abin da za ki gani, don shi na gani a tawa: anko, ɗaurin ɗankwali, lallen amarya, yara sun jeru tsaf. Na ɗauki hotuna rututu a bikin ƙanwata a ƙauyenmu da ke bayan Hunƙuyi, amma ko ɗaya babu na zauren kakanmu. Damina biyu da suka wuce ruwan Agusta ya kayar da shi, aka share wurin, aka ɗora bulo da kwano. Ranar da autata ta tambaye ni yadda zauren yake, da yatsa na zana mata shi a ƙasa: ga zankwaye a sama, ga indararo, ga dakalin da Malam yake zama. Ta dube ni kamar mai yi mata tatsuniya.

Wannan ne ya sa a hutun Disamba na kwashi yaran muka yi kwana uku muna zagaya Kudan da Maƙarfi da Ikara, ƙananan hukumomi uku na ƙasar Zazzau, can arewacin Jihar Kaduna wajen iyaka da Kano. Ba kyamara na riƙe ba, wayata ce ta kullum. Ga abin da na gani da abin da na koya, ko zai amfane ki ran da hanya ta biyo da ke.

Daga Zariya muka fara da Hunƙuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gona na bin gona, kuka da ɗorawa tsaitsaye a tsakani. Abin da zai ba ki mamaki shi ne inabi. Da yawanmu mun ɗauka duk inabin da ke kan tire a bakin titi daga waje ake kawo shi, alhali Kudan ta yi suna da nomansa. Ana ɗora shi a kan rumfuna, 'ya'yan na reto ta ƙasa. Idan manomi ya ba ki izini, shiga ƙarƙashin rumfar ki ɗaga wayar sama, hasken da ke ratsa ganyen zai yi miki rabin aikin.

A nan na fara koyon sha'anin haske. Da tsakar rana hoton gona fari fat yake fitowa, musamman idan hazon hunturu ya sauka. Da hantsi, ko bayan la'asar, ƙasa kan yi ja, inuwa ta miƙe, rumbu ya fito da siffarsa. Ki sa rana a bayanki. Sannan ki goge idon kyamarar da gefen mayafi kafin kowane ɗauka, domin ƙurar hanya da maiƙon hannu su ne ke dusashe yawancin hotunan da muke ɗora wa waya laifi.

Kada ki wuce rumbu ba ki tsaya ba. Buhu da sito suna ta ture shi, yaranmu na birni kuwa a karin magana kaɗai suka san shi. Ɗauki guda daga nesa, da gidan da bishiyar da ke kusa. Matso ki ɗauki duwatsun da aka ɗora shi a kai don tsare shi daga danshi da gara. Ki ƙare da jinkar da ke kansa. Hoto uku ke nan: na nesa, na kusa, da na abu ɗaya ƙarami. Da wannan ƙa'idar na yi sauran tafiyar.

Washegari Laraba ce, ranar kasuwar Maƙarfi. Mai bin titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari yake ratsewa. Mutane da yawa sun san sunan garin ne saboda Ahmed Mohammed Maƙarfi, wanda ya yi gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007, wasu kuma saboda kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da 'ya'yansu ke karatu a cikinta. Amma mutanen kasuwa da rake suka san shi. Tun kafin ki shiga gari za ki ga dami-dami a jingine, motoci na lodi zuwa garuruwa masu nisa.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne wurin masu mazarƙwaila, a gefen wata gonar rake. Ana tura sandar rake tsakanin ƙarafan injin matsa, ruwan na gangarowa cikin mazubi. A tace shi, a juye a babban kasko, a hura wuta da busasshen raken da aka riga aka matse, don haka ba a asarar komai. Mutum ɗaya na tsaye yana kwashe kumfa yana juyawa har ruwan ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin. Inda muka je, inji mai mai ya karɓi aikin, kuma dattijon wurin ya ce jikokinsa ba su taɓa ganin na dokin ba. Kin ga ke nan har sana'ar da ke raye tana sauya kama a gaban idonmu.

A irin wannan wuri hoto ɗaya ba ya ba da labari. Bi aikin daki-daki, daga sandar rake har curin mazarƙwaila a tafin hannu, ki haɗa da bidiyo gajere don a ji ƙarar injin da tafasar kasko. Ki riƙe yara nesa da wutar. Kuma ki saya. Wanda ya bar aikinsa ya yi miki bayani, bai kamata ki bar shi da na gode kawai ba. Mu dai mun cika leda, har yau da ita nake sha wa yara kunu.

Cikin kasuwa kuwa, nemi layin maƙera da masu turmi da masu faifai da tabarma. Ki yi sallama, ki gaisa, ki faɗi abin da ya kawo ki kafin ki ɗaga waya. Na ga wani saurayi ya ɗauki wata mai tallan nono ba tambaya, ta bi shi da faɗa har sai da ya goge, kuma gaskiyarta ce. Ke ma ba za ki so ki wayi gari ki ga fuskarki tana yawo a Facebook ba.

Rana ta uku muka nufi Ikara, ƙasar tumatir, inda akwai kamfanin sarrafa shi tun 1981. Da rani fadamu kan yi kore shar alhali ko'ina ya bushe. Idan tumatir ya yi yawa kasuwa ta faɗi, sai a yanka a shanya ya zama kauɗa, fili guda ya koma ja wur kamar an shimfiɗa darduma. Hoto ne mai kyau ƙwarai, amma ki sani abin da kike ɗauka gumin manomi ne da yake ƙoƙarin ceto daga ruɓewa. Ki tambaye shi nawa kwando yake a ranar, ki rubuta. Shekara goma nan gaba wannan adadin zai fi hoton ba da mamaki.

A wani ƙauye kusa da Ikara muka sauka gidan dangin maigidana, na tarar da wata tsohuwa tana ginin tukunya a bayan ɗaki. A nan ne mu mata muka fi maza dama, domin namiji mai kyamara iyakarsa zaure. Saƙar faifai, kaɗin auduga, daɓen ɗaki, jeren kwalla da tasoshi a ɗakin tsohuwa, duk a cikin gida suke, kuma idan ba mu muka ɗauka ba babu mai ɗauka. Amma damar amana ce. Na roƙi Iya in ɗauke ta, ta ce fuskarta dai a'a, in ɗauki hannun tunda shi ke aikin. Na ɗauki hannun, yatsu cikin yumɓu, tana murza bakin tukunya da ɗan tsumma jiƙaƙƙe. Duk tafiyar ba ni da hoton da ya kai shi. Na kuma yi mata alkawarin ba zai fita daga dangi ba, shi ya sa ba ki gan shi a nan ba.

Saura adanawa, inda yawancinmu muke faɗuwa. Waya na faɗawa ruwa, ana sacewa, yaro na gogewa. A daren da kika ɗauka, zaɓi goma mafi kyau. Rubuta sunan garin, da ranar, da sunan abin kamar yadda masu shi suka faɗa miki, domin suna kan riga abu ɓacewa: yau yara nawa ne suka san azara ko makuba? Idan za ki tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage wa hoton kyau. Ajiye kwafi a intanet ko a wayar wata 'yar'uwa. Sannan ki kai biyar ko shida a wanke miki a takarda. Hotunan auren iyayenmu da suka kai yau, ai a takarda suka kai.

Ba sai kin je Kudan ko Ikara ba. Duk garin da kika fito akwai zaure, ko rijiya, ko tsohuwa mai sana'a da kike cewa sai wani zuwan. Ni ma haka na riƙa cewa. A Sallar nan, idan an gama hoton anko, ja hannun 'yarki ku zagaya bayan gida, ki miƙa mata wayar ta ɗauki rumbun da kanta, ki sa kakarta ta faɗa mata sunan kowane abu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.