Ƙugiyar ƙ da hannun da ba ya barin madannai



Mun saba tattauna jigo da salo da yadda ake gina taurarin labari. Wannan makon ina so mu sauko kan kayan aiki. Mai shayin da ya ƙware ba ya duban inda gwangwanin madara yake. Hannunsa ya san wurin, idonsa kuwa yana kan mai saye. Haka nake son in zama da kwamfutata, shi ya sa na kusan jingine linzaminta gaba ɗaya, na mayar da komai kan madannai.

Dalilina ba burga ba ne. Jimla mai daɗi ba ta jiran kowa. Kana tsakiyar hirar uwa da 'yarta a babi na bakwai, sai ka so duba wata kalma. Ka ɗaga hannu, ka laluɓo linzami, ka ja wannan taga gefe, ka nemo waccan da ta ɓuya a baya, a hanya idonka ya faɗa kan saƙon WhatsApp. Kafin ka dawo, amsar da 'yar za ta ba uwar ta tafi, sai ka rubuta wata mai kama da ita wadda ba ta kai ta ba.

Kwamfutata tsohuwar ThinkPad ce ta hannu, na sa mata Linux. A kanta nake amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna i3, wadda Michael Stapelberg, ɗan ƙasar Jamus, ya fitar a 2009. Aikinta ɗaya ne: jera tagogi. Ba ta barin wata ta hau kan wata, sai ta shimfiɗa su kamar tayil a tsakar ɗaki. In taga ɗaya ce, ta cinye fuskar kwamfutar duka. In ka buɗe ta biyu, su raba daidai. Maɓallin nan mai tambarin Windows, wanda yawancinmu ba mu cika taɓawa ba, shi na naɗa sarkin gida. In na haɗa shi da Enter, baƙar tagar da ake rubuta umarni ta buɗe. In na haɗa shi da lamba, na koma wani ɗakin aiki daban. Ɗaki na 1 rubutu ne kawai. Na 2 ƙamusun Bargery na 1934 ne a buɗe kullum. Na 3 bincike a intanet. Facebook da sauran wuraren hira kuwa na kai su ɗaki na 9, can ƙarshen layi, inda sai na miƙa yatsa da gangan kafin in isa. Duk waɗannan dokoki suna cikin fayil ɗaya na rubutu zalla, wanda zan iya karantawa in gyara kamar wasiƙa. Kuma da yake manhajar ba ta da nauyi, tsohuwar na'ura ba ta nishi, abin da duk mai rubutu da ragowar caji bayan an ɗauke wuta zai yaba.

To amma abin da ya fi damuna a wannan sha'ani shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Ku duba labaran da muke turawa kullum. Da yawanmu mun san bambancin kasa da ƙasa, baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare. Ba jahilci ke sa mu zubar da ƙugiyar ba, wahala ce. In sai ka bar rubutu ka shiga jerin alamomi ka nemo ɗ da linzami, alhali a shafi guda za ka buƙace ta sau talatin, to a shafi na biyu za ka haƙura. Daga nan mai karatu ya shiga aikin da kai ya kamata ka yi masa, yana canki-canki ko baƙin ne suka zo ko bakin ne ya kumbura. Madannan da muke saye an tsara su ne don wasu harsuna. In ba mu gyara su da kanmu ba, su za su riƙa gyara mana Hausa, kuma ga shi suna yi.

Gyaran bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kowane harafinmu yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, sai ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu a Najeriya muke sa 'y, ita kuma 01B4. Wato kowace na'urar zamani ta san su, hanyar kiran su kawai ake nema. Linux ma yana zuwa da tsarin madannan Hausa, na Najeriya da na Gana. Ni dai na zaɓi wata hanya. Maɓallin Caps Lock, wanda ba ya tsinana mini komai sai ihu da manyan baƙaƙe, na mayar da shi maɓallin haɗa harafi da wannan umarni:

setxkbmap -option compose:caps

Sannan a fayil mai suna .XCompose na rubuta layi irin wannan ga kowane harafi, babba da ƙarami:

<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"

Yanzu in na taɓa Caps Lock na buga k sau biyu, ƙ ta fito. Haka d biyu su ba ni ɗ, b biyu su ba ni ɓ. Cikin mako guda yatsuna suka haddace, har na daina sanin ina yi. Wanda ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu aka dawo masa da shi ƙugiyoyin sun koma akwatuna ko wasu baƙin alamomi, saboda an buga shi da tsohon salon haruffan da waccan kwamfutar ba ta da shi, zai gane darajar harafin da yake ɗaya a ko'ina.

Rubutun kansa a Vim nake yi, manhajar da marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, jikar vi da Bill Joy ya rubuta a 1976. Tana da wuyar sabo, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba dole ba ce. Abin da nake ganin dole shi ne ajiye kowane babi a fayil na rubutu zalla, domin a nan ƙananan umarni suke nuna amfaninsu. Misali, wc -w yana ƙirga mini kalmomin kowane babi da jimillarsu a bugu ɗaya, abin da mai shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, inda ake ƙayyade tsawon labari, yake buƙata kullum. Wanda na fi so kuwa shi ne wannan:

grep -nw kasa *.txt

Zai zaƙulo mini duk layin da na rubuta kasa a littafin gaba ɗaya, da sunan babi da lambar layi. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. "Ya kasa tashi" daidai ne, in bar shi. "Ya faɗi kasa" kuwa a sa masa ƙugiya. Akwai wani umarnin, sed, da zai iya sauya su duka cikin ƙiftawar ido, amma ba na ba shi wannan aikin, don bai san Hausa ba. Sai dai in na sauya wa tauraruwa suna a tsakiyar littafi, nan kam shi ne gwani. Idan aiki ya kammala, pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya soma a 2006, tana haɗa babobin ta mayar da su fayil ɗin Word da mawallafi yake so.

Gargaɗi ɗaya. Gyaran kayan aiki yana da daɗi fiye da rubutu, domin shi ba ya ƙin ka. Na ga masu kwana suna sauya launin taga alhali babi na uku yana nan yadda suka bar shi tun azumi. Ƙa'idata ita ce ba na taɓa fayil ɗin dokokin sai abu ɗaya ya tsayar da ni sau uku ina cikin rubutu.

Masu Windows, ba sai kun sauya komai ba: maɓallin tambarin da kibiyar hagu ko dama yana raba fuska biyu, Alt da Tab suna kai ku taga ta gaba, kuma akwai madannan Hausa a cikin saitin harsuna. Masu rubutu a waya, waɗanda na san ku ne mafi yawa a nan, ku ƙara Hausa a Gboard domin ƙugiyoyin su zo kusa da yatsa. Wanda kuma yake son ɗanɗana grep da wc bai da kwamfuta, manhajar Termux tana kawo su cikin wayar Android, har da Vim ɗin ma.