Jaridar Gwamna a Birnin Tashkent

A shekarar 1865 sojojin Rasha suka ci birnin Tashkent da yaƙi. Bayan shekara biyar, a 1870, hukumar Gwamna Janar Kaufman ta fara buga jarida da harshen mutanen ƙasar, wanda a yau ake kira Uzbek, cikin haruffan Larabci. Sunanta Turkiston Viloyatining Gazeti, wato Jaridar Lardin Turkistan. Da farko 'yar rakiya ce ga jaridar gwamnati ta Rashanci, babban aikinta kuwa isar da umarnin hukuma ga talakawa.

Daga 1883 har zuwa 1917, lokacin da juyin juya hali ya kawo ƙarshenta, editanta shi ne Nikolai Ostroumov, wanda ya yi karatun aikin mishan a birnin Kazan. Mutumin da aka horar don ya ƙalubalanci Musulunci shi ke tace abin da Musulmin Turkistan za su karanta. Saboda haka da wuya a zargi wanda ya kira ta kakakin 'yan mulkin mallaka.

Duk da haka, ni ina ganin wannan hukunci bai kama gaskiya duka ba. Shekara talatin da 'yan kai babu wata jarida da harshen ƙasar sai ita, don haka duk mai son jama'a su ji shi, ƙofarta zai ƙwanƙwasa. Furkat, mawaƙin Kokand, a nan ya buga waƙoƙinsa na kwaɗaitar da neman ilmin zamani. Mahmudhoja Behbudi na Samarkand, jagoran masu rajin gyaran makarantu da ake kira Jadid, shi ma ya yi rubutu a cikinta. A shafukan gwamna suka saba da muhawara a bainar jama'a, har a 1906 'yan Jadid suka fitar da tasu jaridar, Taraqqiy, wadda hukuma ta rufe cikin 'yan watanni. Ranar fitowarta, 27 ga Yuni, ita ce ranar 'yan jarida a Uzbekistan yau.

Mu ma mun san irin wannan. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta gwamnatin Turawa ce, amma a cikinta Abubakar Imam ya saba wa Bahaushe da karanta labari da rubuta wasiƙar koke. Hukuma na iya zaɓar edita, ta sayi takarda da tawada. Abin da mai karatu zai yi da karatunsa daga baya kuwa, wannan ya fita daga hannunta.