TAFIYA ƘETAREN TEKU DA IYALI: A FARA DA LISSAFI



Yau labarin wata tafiya zan ba ku. Ni ban yi ta ba. Amma ni na riƙe alƙalami lokacin da ake shirya ta. Littafin da muka yi lissafi ciki ya je ya dawo, ga shi nan gabana, duk ya yi datti.

Yayana manomin aya ne a ƙasar Maraɗi, yana kuma kiwon raguna. Ya sauke faralin Hajji tun da daɗewa. Yana da ɗiya mata 2, babbar shekara 16, ƙaramar shekara 13, dukansu suna makaranta. Ya yi alkawari zai kai su Umra tare da uwarsu kafin su tafi gidan wani. Shekara 3 yana tara kuɗin aya da na ragunan layya. Da kakar 2024 ta yi, sai ya kira ni.

Ya ce: "Malam, mu 5 za mu tafi. Ni ban iya karatu ba. Kai za ka zama idonmu."

Na yi murna ƙwarai. Wa zai ƙi? Amma na ce: "Yaya, bari mu rubuta tukuna."

LISSAFIN FARKO

Muka shimfiɗa tabarma. Na raba shafi gida 7. Muka yi sati 3 muna tambaya, muna cikawa. Kuɗin jirgi da na biza suna canjawa kowace shekara, don haka jimlar ba za ta amfane ku ba. Amma ga yadda kowace jika 100 ta rabu a namu lissafi:

Jirgin sama, zuwa da dawowa: jika 50
Fasfo, biza da allurar rigakafi: jika 17
Masauki: jika 11
Mota da jirgin ƙasa: jika 6
Abinci: jika 6
Tsaraba: jika 3
Ajiya don ko-ta-kwana: jika 7

Ku duba da kyau. Jirgi da takardu sun cinye jika 67. Ke nan kashi 2 cikin 3 na kuɗin sun tafi tun mutum bai bar Nijar ba. Waɗannan ba a raba su. Kowane kai da nasa. Masauki kuwa ana rabawa. Ɗaki ɗaya mai gado 4 ya ishi miji da mata da ɗiyansu. Ni na 5, ba zan kwana ɗaki ɗaya da matar yayana ba. Sai an kama mini nawa.

Da muka haɗa, kuɗin mutum 4 gare mu, ba na 5 ba.

Yaya ya yi shiru. Can ya ce: "To, sai in ba da jinginar gonar fadama. Ko kuwa ƙaramar ta zauna gida."

Na ce: "Yaya, gonar nan ita ta haifi kuɗin tafiyar. In ta fita hannu, me za ku ci in kun dawo? Malamanmu sun ce Umra sunna ce ga mai hali. Ciyar da iyali kuwa wajibi ne. Ƙaramar kuma ka yi mata alkawari gaban mutane. Ido kake nema? Ga shi nan cikin gidanka. Babbar tana karanta boko, tana karanta lamba, tana jin Faransanci, ta san harufan Larabci tun makarantar allo. Ni zan zauna."

Ba zan ɓoye muku ba, ranar ban yi barci ba. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Washegari na miƙa wa babbar littafin.

TAKARDU

Abin da ya fi cin lokaci shi ne takarda. Kowa sai da nasa fasfo, har yarinya. Fasfo ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa. Ƙaramar an haife ta a gida, ba a rubuta ta ba. Sai da muka je gidan shari'a da shaidu aka yi mata takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Wannan kaɗai ya ci mu makonni. Jama'a, in aka yi muku haihuwa, ku je a rubuta jariri tun da wuri.

Fasfon da ya rage ƙasa da wata 6 ya mutu, ba a karɓarsa. Akwai allurar shawara da ta sanƙarau. Ana yin su kwana 10 ko fiye kafin tashi, a ba ka katin shaida. Ta shawara sau ɗaya ake yi, ta ishe ka har ƙarshen rai.

Wani mutum ya zo har gida, ya ce zai yi mana biza da rabin kuɗi. Muka ce ya nuna mana takardar izininsa. Ya ce gobe. Har yau gobe ba ta yi ba. Gwamnati tana da hukumar aikin Hajji da Umra, ana ce mata COHO. Kamfanin da kuke so ku ba kuɗinku, ku bincika ko hukuma ta san da shi. Ku tambayi wuri 3 kafin ku zaɓa. Ko dala ɗaya kuka biya, a ba ku takardar shaida.

WANE LOKACI, WACE HANYA

Umrar azumi ta fi lada, ta kuma fi tsada, musamman goman ƙarshe. Da bazara zafin Makka yana wuce awo 40. Da damana kuwa manomi ba ya barin gona. Muka zaɓi ƙarshen watan Disamba. An gama kaka, aya ta shiga kasuwa, makaranta tana hutu. Sauran kwanakin da suka haura hutu, Yaya ya nemi izini wurin shugaban makaranta.

Garuruwa 3 ne: Jidda, Madina da Makka. Na zana su a ƙasa da tsinke. Na ce kada a bi hanya ɗaya sau 2, don kowace komawa kuɗi ce. A sauka Jidda, a wuce Madina, a gangaro Makka, a fita ta Jidda. Madina kwana 4, Makka kwana 6, Jidda kwana 1.

Kwana 6 na Makka, uwar yara ta sa aka yi haka. Ta ce mace ba ta yin ɗawafi in tana cikin al'ada, sai ta yi tsarki. Mata 3 ne cikin tafiyar. In kwanakin sun yi kaɗan, wata za ta dawo ba ta yi abin da ya kai ta ba. Mu maza wannan bai zo mana a rai ba. Mai shirya tafiya da ƴan mata, ya sa uwarsu cikin shawara tun daga farko.

DAGA MARAƊI ZUWA MADINA

Daga nan sai abin da babbar ta rubuta, da abin da suka faɗa mini.

Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Sun bi Gidan Runji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Sun kwana gidan ɗan garinmu, ba su biya masauki ba. Jirgi ya ɗauke su daga filin Diori Hamani zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Can suka jira, suka canja jirgi. Ta rubuta: "Agogon nan ya riga namu da awa 2." Haka yake har a Saudiyya. Wanda bai gyara agogonsa ba, jirgi zai bar shi.

Kakanninmu da ƙafa da jaki suke wannan tafiya. Su ratsa Cadi, su shiga Sudan, su yi noman auduga su sami guzuri, sannan su haye Bahar Maliya cikin jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi, wasu ba su dawo ba. Tun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, wannan hanya ta zama ta halaka.

Daga Jidda zuwa Madina sun hau jirgin ƙasa mai gudu, wanda aka buɗe a 2018. Yana yin kilomita 300 cikin awa ɗaya. Ya fi mota tsada, amma sun gaji, kuma mun sa shi cikin lissafi sau ɗaya tak. Wajen awa 2 suka yi. Ƙaramar ta ce duwatsun hanya baƙaƙe ne kamar gawayi, ko icce ɗaya babu.

MADINA

Gari ne mai natsuwa. Da asuba akwai sanyi irin namu na hunturu, sai da rigar sanyi. A harabar masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, akwai manyan laimomi da ke buɗewa da kansu in rana ta ɗaga. Ƙofofin mata daban, na maza daban, kowace da lambarta. Shiga Rauda sai da izini. A waya ake nemansa, ta wani tsari mai suna Nusuk, kuma mata suna da lokacinsu. Babbar ce ta nema wa kowa.

Masallacin Ƙuba wajen kilomita 3 ne. Sun taka da ƙafa, ba su biya mota ba. Sun je dutsen Uhudu, inda aka yi yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira, inda kabarin Sayyidina Hamza yake.

A kasuwar dabino babbar ta yi aiki. Lokacin, riyal 6 sun kusa jika ɗaya. Duk abin da aka yi musu farashi, sai ta mayar da shi kuɗinmu kafin a sa hannu a aljihu. Dabinon ajwa yana da tsada. Sun sayi kaɗan don tsofaffi, sauran suka sayi mai araha.

Abinci kuwa sun tafi da garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, shayi da sukari. Da safe su sayi gurasa da dafaffen wake. Da rana faranti ɗaya na shinkafa da kaza ya ishe su. Ruwan Zamzam kyauta ne cikin masallatan 2.

MAKKA

Madina zuwa Makka wajen kilomita 450 ne. Wannan karon mota suka shiga, awa 6 da tsaye-tsaye. Motar ta tsaya a Zul Hulaifa, bayan garin Madina, suka ɗauki harami. Namiji ne ke ɗaura farin ƙyalle 2. Mace tufafinta na sutura sun isa. Ba mu ɗinka sabo ba.

Makka tana cikin duwatsu, motoci suna bi ta ramuka ƙarƙashinsu. Masauki na bakin Harami na masu kuɗi ne. In ka ja baya, farashi yana sauka. Sun kama ɗaki a unguwar Aziziyya, inda motar masauki take kai mutane kusa da masallaci. Ɗawafi zagaye 7 ne. Safa da Marwa ma 7, kusan kilomita 3 duka. Yarinyar da ta saba zuwa rijiya ba za ta ji shi ba.

A shafin ranar da suka ga Ka'aba, layi ɗaya ta rubuta: "Inna ta yi kuka, mu ma muka yi."

Mun yi doka tun daga gida. Kowa ya rataya katin masauki a wuya. In an rabu, a haɗu a ƙofa ɗaya. Sun zaɓi ƙofar Sarki Fahad, mai lamba 79. Duk tsoronmu yara ne za su ɓata. Ashe Alhaji ne. Dare na 3, bayan sallar isha'i, turmutsutsu ya fitar da shi ta wata ƙofa. Ƙofofin duk kama ɗaya suka yi masa. Matan suka tsaya a 79 ba su gusa ba. Ya yi awa ɗaya yana yawo. Sai ya ji wani mai shago yana Hausa. Jikan mutanenmu ne da suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa, a Makka aka haife shi. Shi ya rako shi.

Da ya iso, ƙaramar ta ce: "Baba, gobe ka riƙe mayafina."

Daga ranar ya sa suka koya masa lamba daga 1 zuwa 100.

JIDDA

Makka zuwa Jidda wajen kilomita 80 ne. Nan yara suka ga teku. Ƙaramar ta ɗanɗana ruwan, ta ce ya fi gishirin Bilma. Da dare suka ga ruwan da inji ke harbawa sama daga cikin teku, tsawonsa ya fi mita 250. Sun zaga tsohon gari, mai dogayen gidaje na dutsen teku da tagogin katako. A 2014 aka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wannan kallo ba su biya komi ba.

ABUBUWA 5 DA ZA KU RIƘE

1. Kada a taɓa gona, ko iri, ko hatsin ci don tafiya.
2. Kada ku karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na ɗan'uwa ne. Safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta kisa ne. Goro ma an gargaɗe su kada su ɗauka.
3. Ku dawo kafin biza ta ƙare. Wanda ya zarce, tara ce da kurkuku da kora.
4. Kuɗi kada su zauna aljihu ɗaya. A raba tsakanin uba da uwa.
5. A ba kowace yarinya aikinta da ɗan kuɗin tsarabarta. Babbar ta riƙe littafi, ƙaramar ta riƙe ƙidayar jakunkuna.

Sun dawo lafiya. Cikin jika 7 na ajiya, 2 kawai suka taɓa, don maganin mura da kuɗin kaya da suka yi nauyi. Da sauran Yaya ya sayi ƴan raguna. Gonar fadama tana nan hannunsa, kuma ya ci gaba da shuka aya cikinta.

A shafin ƙarshe babbar ta ja sabon layi, ta raba shi gida 7. A sama ta rubuta: "Tafiyar Baba Malam." Ƙasa babu komi tukuna. Da kaka za mu fara cikawa.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kai mai niyya. Amin.

Daga malamin makarantar yaƙi da jahilci, jihar Maraɗi